Hitar Ruwa Mai Dumamawa Nan Take: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Gombe

Duk shekara kanwar ja ce. Daga Maris har faɗuwar damina ba mai tunawa da ruwan zafi, don tankin da ke saman gida shi da kansa yake dafa ruwan, har sai an tara a bokiti ya huce kafin a yi wankan rana. Amma da zarar iskar hunturu ta kaɗo, leɓe ya fara tsagewa, ruwan buta ya koma kamar na ƙanƙara da Asuba, sai wayata ta hana ni sakat. Sana'ata wayarin ɗin gidaje a cikin garin Gombe, kuma tambayoyin da ake yi mini a kan hita kusan iri ɗaya ne daga Tumfure har Pantami. Ga su nan da amsoshinsu.

Wace ce hita mai dumamawa nan take, kuma me ya raba ta da wadda muka saba gani?

Iri uku ne suka fi yawa a gidajenmu. Akwai hitar bokiti, wadda ake tsomawa a ruwa a jona a soket. Akwai mai tanki, irin farar nan mai ƙaton ciki da ake kafewa a bangon banɗaki, ta lita 10, 15, 30 ko 50. Ita tara ruwa take yi ta dumama shi a hankali, ta riƙe zafin. Ta ukun ita ce ta nan take. Ba ta ajiye ruwa ko kaɗan. Girmanta bai wuce jakar makarantar yaro ba, a cikinta akwai ƙarfen dumamawa da wani ɗan makunni mai jin motsin ruwa. Ka buɗe famfo, ruwa ya bi ta ciki, makunnin ya tada ƙarfen, ruwan ya fito da ɗumi cikin daƙiƙoƙi. Ka rufe famfo, ta mutu.

Aikin da mai tanki ke yi cikin rabin awa shi ta nan take ke son gamawa a daidai lokacin da ruwan ke wucewa, shi ya sa take jan wuta da ƙarfin tsiya. Duk sauran tambayoyin daga nan suka samo asali.

Mai kilowat nawa zan saya?

Kafin amsa sai an yi ɗan lissafi, kuma ba mai wuya ba ne. Ɗumin da ya dace da wanka yana tsakanin digiri 37 zuwa 40. A ce ruwan tankinka ya kwana a sanyi ya sauko digiri 20, ke nan ana buƙatar ƙara masa digiri 20. Ƙa'idar ita ce: litar da kake so ta zubo a minti ɗaya, sau digirin da za a ƙara, sau 0.07. Abin da ya fito shi ne kilowat ɗin da kake buƙata.

Idan aka juya lissafin, hita mai kilowat 3.5 za ta ba ka kusan lita biyu da rabi a minti. Wannan bai fi zubar bakin buta ba, ya isa alwala da wanke hannu, wanka kuwa sai da haƙuri. Mai kilowat 5.5 tana ba da kusan lita 4, mai kilowat 7 kuma lita 5, nan ne mutum zai fara jin cewa shawa yake yi. Mai shago zai nuna maka kwali da hoton ruwa yana kwarara har tururi na tashi. Hoto ne kawai. Ƙarfin hitar ba ya canzawa, don haka in ka ƙara buɗe famfo ruwan zai yi yawa amma ya huce, in ka rage ya yi zafi amma ya zama siriri. Mutane da yawa sun mayar da hita lafiyayya shago suna cewa ta lalace, alhali famfo suka buɗe har ƙarshe.

Wanda yake da niyyar tara ruwa a bokiti ya yi wanka da kofi, kamar yadda yawancinmu muka taso, ya sani cewa bokiti mai lita 20 zai ɗauki minti takwas a ƙaramar hita, minti biyar a mai kilowat 5.5.

Akwai soket kusa da banɗakina. Zan iya jona ta a nan?

A'a. Soket ɗin gida mai baki uku amfiya 13 yake ɗauka, wato wajen kilowat 3 a wutarmu mai bolt 230. Hita mai kilowat 3.5 tana jan sama da amfiya 15, mai 5.5 tana jan kusan 24, mai kilowat 7 tana jan 30. Kowace a cikinsu tana buƙatar layinta ita kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta, da birekarta daidai nauyinta, da makunni mai yanke wayoyi biyu a wajen banɗaki, inda jiƙaƙƙen hannu ba zai kai ba. Kaurin waya kuma ba abin ciniki ba ne: milimita 2.5 ga ƙaramar, 4 ga mai kilowat 5.5, 6 ga mai kilowat 7, in kuma tazarar tana da tsawo a ƙara kauri. Waya ta zama ta jan ƙarfe zalla. Akwai wadda ake sayarwa da araha, a ido ja ce, ka kankare ta da wuƙa sai ka ga fari a ciki.

An taɓa kirana wani gida da daddare, uwargidan ta ce tun la'asar suke jin ƙaurin roba sun rasa daga ina. Da na hau silin da tocila sai na tarar an ɗauko wa hita mai kilowat 5.5 wuta daga layin ƙwan fitilar banɗaki, waya mai milimita 1.5, an murɗe mahaɗar da hannu an naɗe da salatif. Robar ta narke ta manne da katakon rufi, katakon ya yi baƙi wajen faɗin tafin hannu. Maigidan ya ce, "Malam, ai wata biyu ke nan tana aiki lafiya lau." Na ce masa, "Alhaji, wata biyu ke nan Allah yana tsare ku." Wanda ya yi aikin ya karɓi kuɗin waya mai kauri, ya sa wadda ya tarar.

A kuma duba jikin mita, an rubuta iyakar amfiyar da take ɗauka. Gidan da ake kunna hita, dutsen guga, injin jan ruwa da risho mai lantarki lokaci guda da safe yana iya kai ta bango.

Gaskiya ne tana jan mutum yana cikin wanka?

Tana iya yi, idan aka kafa ta babu kariya. Mutum jiƙe, ƙafa ba takalmi a kan siminti, ba ya buƙatar wuta mai yawa kafin zuciya ta rikice. Kariyar guda biyu ce, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya. Ta farko wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda ke tafiya har sandar jan ƙarfe da aka binne. Gidaje da yawa a garin nan suna da ramin waya ta uku a soket amma babu abin da ke bayansa, wasu kuma sandar tana nan amma ƙasar ta bushe ƙamas da rani har ba ta aikin kirki. A sa mai wuta ya auna, kada a yarda da "akwai" na baki.

Ta biyu ita ce bireka mai gano yoyon wuta, wadda ake kira RCD, wasu su ce ELCB, mai lamba 30mA a jikinta. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga ƙonewa. Wannan kuwa mutum take karewa, don da ta ji wuta ta bi wata hanya take yankewa kafin ƙiftawar ido. Tana da ɗan maɓalli mai harafin T. A riƙa danna shi lokaci-lokaci, in wuta ba ta ɗauke ba, ta mutu, a canza ta.

Akwai kuma wani iri mai araha da hitar ke cikin kan shawar kanta, wayoyi suna lilo a saman kan mai wanka. Ya yaɗu a Brazil da Kenya, yana kuma shigowa nan. Ni dai ba na kafa shi. Hitar bokiti ma haɗarinta haka yake: kada a tsoma yatsa a ji ɗumin ruwa tana jone, kada a bar ta da yara.

Wutar unguwarmu ba ta da ƙarfi. Hitar za ta yi aiki?

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci a Gombe, kuma ita ce ba a cika yi ba sai an riga an saya. Idan wuta ta yi ƙasa, zafin hita yana faɗuwa fiye da yadda bolt ya faɗi, domin ƙarfinta yana bin bolt ne sau kansa. Hitar da aka ƙera ta ba da kilowat 3.5 a bolt 230, in wutar ta sauko 180 abin da za ta bayar kusan kilowat 2.1 ne kawai. Fitilarta za ta kama, mita za ta riƙa ci, ruwan kuma ya fito da ɗumin da bai kai na shayin da aka manta ba. Ƙari a kan haka, ita kanta hitar tana ƙara janyo wutar gidan ƙasa, shi ya sa za ka ga ƙwai ya dushe da an buɗe shawa.

Sai batun samuwar wutar ma. Kamfanin rarraba wuta na Jos ne ke ba Gombe da Bauchi da Filato da Binuwai, kuma an kasa layuka rukuni-rukuni. 'Yan rukunin A ne aka ce za su samu aƙalla awa 20 a rana, sauran ƙasa da haka. Hita ta nan take tana son wuta a daidai mintin da ka tuɓe. Idan a unguwarku ana kawo wuta ƙarfe ɗayan dare a ɗauke kafin kiran sallah, ba ta da amfani a gare ka komai kyanta. Mai tanki ce taka. Ta lita 15 mai kilowat 1.5 tana kai ruwa digiri 60 cikin kusan rabin awa, ta riƙe shi har safiya, ka sirka da na sanyi ka samu wajen lita 30 na wanka. Ko da wutar ba ƙarfi za ta kai, sai dai ta daɗe. A ganina rabin masu zuwa neman ta nan take a garin nan, mai tanki ce ta dace da su, kuma nakan faɗa musu ko da ransu bai so ba.

Janareta ko inbata fa?

Ƙaramin janareta irin Tiger bai kai kilowat ɗaya ba, kada ma a gwada. Matsakaici mai 2.5 ko 3 ma zai shaƙe ya mutu. Inbata mai 5kVA tana iya ɗaukar ƙaramar hitar, amma batir zai ji a jikinsa, kuma da Asuba ne, lokacin da ya riga ya kwana yana aiki. Mai son cin moriyar rana ya sayi hitar sola mai bututun gilashi da ake ɗorawa a rufi, wadda ke dumama ruwan kai tsaye. Sai dai ƙurar hunturu tana rage mata ƙarfi, dole a riƙa goge gilasan.

Na buɗe famfo, ruwa yana zuwa amma hitar ta ƙi tashi. Me ya faru?

Sau da yawa matsin ruwa ne ya yi kaɗan. Makunnin da ke ciki ba ya motsi sai ruwa ya turo shi da wani ƙarfi. Gidajenmu kuwa da tankin sama suke aiki, kuma matsin tanki tsayinsa ne: kowace mita 10 ta tsayi tana ba da ma'auni ɗaya na abin da ake rubutawa "bar" a jikin kwali. Tankin da ya ɗara kan shawa da mita 3 kacal, 0.3 yake bayarwa, in ruwan ya yi ƙasa a cikinsa ma ya ragu. A karanta mafi ƙarancin matsin da hitar ke buƙata tun a shago. Mafita uku ce: a ɗaga tankin, a sa ɗan injin ƙara matsi a bututu, ko a sayi hitar da ta zo da injinta a ciki. A gidan bene, na ƙasa yana wanka da daɗi na sama yana zagin hita, alhali iri ɗaya suka saya.

Kafin a kira kowa, a kwance bututun shigar ruwa a duba 'yar rariyar da ke bakinsa. Yashi kaɗan ya isa ya toshe ta.

Tana cinye kati?

Ba kamar yadda ake tsoro ba, in ana lura. Wankan minti biyar da hita mai kilowat 5.5 yana cin ƙasa kaɗan da rabin yunit. Dumama bokiti mai lita 20 da kowace irin hita shi ma kusan hakan ne, domin ruwa bai san da me aka dumama shi ba. Lokacin da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin rukunin A naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, wankan ɗaya ya kama naira ɗari da 'yan kai. Kowa ya ninka da farashin da ke kan rasit ɗinsa.

Inda kati ke tafiya shi ne daɗewa. Ruwan bokiti yana ƙarewa, mutum ya fito. Na shawa ba ya ƙarewa, kuma ɗumi da daɗi. Gida mai mutum takwas, kowa ya yi minti goma, ya haura yunit 7 a rana. Duk wanda ke da samari a gida ya san ba sai an yi masa bayani ba.

An ce akwai mai aiki da gas. Ba ta fi ba, tunda ba ruwanta da NEPA?

Ta fuskar ƙarfi ta fi nesa ba kusa ba. Ƙaramarta, mai lita 6 a minti, tana da ƙarfin da ya kai wajen kilowat 12, ta lita 10 kuma kusan 20. Batir biyu manya irin na tocila ne ke kunna ta. Wanda ya ga makonnin duhun da aka yi a 2024, lokacin da aka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe, ya san darajar abin da ba ya jiran wuta. Mai lita 6 tana cin ƙasa kaɗan da kilo ɗaya na gas a awa guda in an ƙure ta, don haka tukunya mai kilo 12.5 tana daɗewa idan wanka kawai ake yi.

Amma wuta ce ke ci a cikinta, wuta kuma iska take sha. In aka kafa ta cikin banɗaki, aka rufe ƙofa da taga saboda sanyi, iskar ɗakin tana raguwa, harshen wutar ya fara fitar da iskar guba irin wadda ke kashe masu kwana da gawayi ko janareta a ɗaki. Ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum zai ji ciwon kai da jiri, ƙafa ta yi sanyi, ya zauna ya huta, shi ke nan. Don haka wurinta waje ne, a jikin bango ƙarƙashin 'yar rumfa, ko wuri mai buɗaɗɗiyar iska da bututun hayaƙi mai fita waje. Ruwan zafin ne kawai zai shiga banɗaki. Harshen wutarta ya zama shuɗi. In ya koma rawaya ko baƙin hayaƙi ya fara taruwa a samanta, a kashe a kira mai gyara. Tukunyar gas ta tsaya a tsaye a waje, nesa da magudana, don gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. A gwada mahaɗar tiyo da ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai yoyo. Ba da ashana ba, don Allah.

Ita ma tana son matsin ruwa kafin ta kama, kuma iskar hunturu mai ƙarfi tana iya hure ta, sai a kare ta ta gefen da iskar ke bugowa ba tare da an toshe ta ba.

Ruwan bohol muke sha, wani lokaci na tanka. Zai ɓata ta?

Leƙa cikin butar dafa shayinku. In akwai farin ɓawo a gindinta, irinsa ne zai taru a kan ƙarfen hita, ya hana zafi fita, ƙarfen ya ƙone. Ruwan famfo da ke zuwa daga Dadin Kowa, na bohol, na tanka da na 'yan ga-ruwa duk a tanki ɗaya suke haɗuwa a gidaje da yawa, kowanne da irin lakarsa. A sa matata a bututu kafin hita, a wanke tanki kafin sanyi ya shigo, a jiƙa kan shawa cikin ruwan khal idan ramukansa sun fara toshewa. Toshewarsa ba ƙaramin abu ba ne: ruwa yana raguwa, zafi ya hau, hitar ta riƙa yankewa da kanta. Rage zafin da aka saita ma yana rage taruwar ɓawon.

Matata ta kusa haihuwa. Za ta wadatar da wankan jego?

Allah ya sauke ta lafiya. In ana nufin tafasasshen ruwa irin na tukunya da itace, hita ba za ta kai nan ba, kuma an ƙera ta ne don kada ta kai. Likitoci sun daɗe suna jan kunne a kan tsananin zafin ruwan jego da yawan kunun kanwa saboda nauyin da suke ɗora wa zuciyar mai jego, ban da ƙuna. Ruwa mai ɗumi sosai wanda fata ke iya jurewa, wannan hita mai kilowat 5.5 ko mai gas za ta bayar a sauƙaƙe. Yadda za ka shawo kan Inna ta yarda da hakan kuwa, wannan ya fi ƙarfin mai wayarin.

Ga jariri da ƙananan yara, a tara ruwan a baho, a juya shi, a gwada da gwiwar hannu. Ruwa mai digiri 60 yana sale fatar yaro cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Tsofaffi ma a saita musu a bar shi a wuri ɗaya, musamman masu ciwon sukari da ƙafarsu ba ta jin zafi sosai.

Famfon nan na kicin mai hita a jikinsa yana da kyau?

Don wanke kwanon miya mai maiƙo da safe, yana yi. Yawanci kilowat 3 ne, yana cika soket taf, don haka soket ɗin ya zama nasa shi kaɗai, mai wayar ƙasa, ba a jikin doguwar wayar da firji ke kai ba. Kada a ja masa tiyo zuwa banɗaki.

Gidan haya nake.

Nemi izinin mai gida tukuna, don za a huda bango a ja sabon layi. In mita ɗaya kuke rabawa da maƙwabta, ka haƙura da ita, ko ka shirya wa rigima.

Me zan duba a shago?

Farantin bayanin da ke jikin hitar kanta, ba kwali ba: kilowat, bolt, matsin ruwa, da lambar kariya daga fantsamar ruwa, IPX4 ko sama. Ta kasance tana da maɓallin rage zafi da abin da ke yanke wuta in ta yi zafi fiye da kima. Ka tambaya ko ana samun kayan gyaranta a gari, a kuma rubuta maka garanti a rasit. Sanannun sunaye irin su Ariston suna da jabu, sai a lura da nauyi da tsabtar rubutu. Bututun ruwan zafi ya zama koren nan na PPR, farin PVC yana laushi ya saki a mahaɗa. Yawancin hitocin shawa kuma ba a sa musu famfo a mafita, ta mashiga ake buɗewa da rufewa, domin kan shawar ne numfashinsu.

Ruwa ya ƙare a tanki jiya, yau an cika. In kunna kawai?

Dakata. Kashe makunnin hitar, ka buɗe famfo ruwa ya yi ta zuba har ya daina tari da feshin iska, ya zubo sumul na kamar minti ɗaya, sannan ka kunna. Iskar da ta maƙale a bututu tana iya tada makunnin alhali ƙarfen a bushe yake, kuma daƙiƙoƙi kaɗan sun isa su ƙone shi. Haka za a yi ranar da aka fara kafa ta, haka kuma a farkon kowane hunturu bayan ta yi watanni a kashe, a haɗa da danna maɓallin T da wanke rariyar mashiga.